Hari Kan Gadar Kawu Babayo

Kawu Babayo dattijo ne mai shekara hamsin da bakwai, ga furfura a gemu, ga ofishin tura kaya a unguwar Dengfeng da duk ɗan kasuwar Kano da ke zuwa Guwanzu ya sani. Amma ka shiga falonsa, sai ka rantse ɗakin yara ka faɗa. Rabin falon tebur ne, faffaɗan katako da ya lulluɓe da koren ƙyalle. Ga tuddai na soso, ga kogi na shuɗiyar leda, ga gada da ya haɗa da tsinken cin abincin Sinawa da gam. A kai kuma sojoji ne na roba, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, sun fi ɗari biyu, duk shi ya yi musu fenti da hannunsa.

Mahaifinsa ya je yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya da labari barkatai. Da Kawu ya tsinci waɗannan sojoji a wani shagon kayan wasa a unguwar Liwan, sai ya kwaso su, ya mai da rabi baƙaƙe masu hular malfa irin ta hoton mahaifinsa, rabi kuma abokan gaba. Hula, ɗamara, har igiyar takalmi yana yi musu, amma ba ya taɓa zana musu ido. Ya ce in ka yi wa abu ido, gobe kiyama za a ce ka busa masa rai. Matarsa Hajiya Jumai, mai ɗan gidan abinci a ƙasan benen, cewa take da ido da babu ido, shirme dai shirme ne.

Ni ne abokin wasansa. Sunana Nababa, kuma tun da na ɗauko labarin gara in faɗi nawa abin kunyar tun yanzu. Shekara bakwai kafin nan aka turo ni ƙasar Sin karatun injiniya. Na koyi Sinanci kamar a nan aka yanke mini cibi, amma lissafi ya kayar da ni sau biyu, makaranta ta sallame ni. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na koma tafinta a kasuwar Kanan, ina shiga tsakanin alhazan kasuwar Kwari ta Kano da masu shago, Inna kuwa tana can Kano tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa zama injiniya. Duk wayar da za mu yi sai ta tambaye ni yaushe za a ba ni takardar. Ni kuma in ce mata saura kaɗan.

To, a shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik sai abubuwa suka ɗaure. Tun watan Afrilu aka daina sabunta biza yadda aka saba, tawa kuma ta mutu a watan Yuni. 'Yan sanda suna bi gida-gida suna duba takardu, suna tsayawa a bakin gadar masu tafiya a ƙasa, ka ga mutum ya fito sayen burodi, shi ke nan labarinsa sai a filin jirgi. Na daina zuwa kasuwa. Na kulle kaina a ɗakina, hawa na shida a bayan layin su Kawu, ina jira a gama wasannin, don kowa cewa yake bayan nan za a sassauta. Tsoro nake ji, wallahi, tsoro irin wanda ke hana tuwo wucewa. Ba kamun ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne in sauka a Kano hannu rabbana in dubi Inna.

Fita ɗaya nake yi a mako: ranar Juma'a da la'asar in bi ta lungu in hau wajen Kawu mu yi wasa. Ga yadda muke yi. Kowa zai rubuta abin da sojojinsa za su yi a 'yar takarda, ya naɗe, kada ɗayan ya gani. Sai a buɗe tare, a ɗauko tef ɗin tela a auna tafiyar kowane rukuni, in an zo harbi a jefa ɗan ludo. Shida ta kashe, biyar ta ji rauni, sauran sun tafi a iska. Ni da boko nake rubuta nawa, layi ɗaya. Kawu bai yi boko ba, da ajami yake nasa, kuma shi ba ya iya taƙaitawa. Umarnin soja sai ya koma wasiƙa: wane rukuni ya tafi hagu, saboda kaza da kaza, kuma yau gwiwata na ciwo, Jumai ta cika gishiri a miya. Yana da littafi ma guda da yake tsara yaƙin mako mai zuwa a ciki, da zanen kogi da kibiyoyi.

Wata uku cur ban ci shi ba. In na matso gadar nan sai ya share mini mutane, ya kwashe su a tafin hannu yana dariya, yana cewa, "Injiniya, ashe gada ma ta fi ƙarfinka?" Ranar Juma'ar ƙarshe da muka yi, haushi ya kama ni na ture ɗan ludon ya faɗa ƙarƙashin kujera, na ce na gaji da wasan yara. Ya sunkuya da gwiwar tasa ya lalubo shi, ya ce mako mai zuwa ni zan kai hari kan gada, in shirya. Na fita ko sallama ban yi masa ba.

Ranar Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara. Hajiya Jumai ce.

"Nababa, sun tafi da kawunka."

"Su wa? Ai takardunsa lafiya lau suke!"

"Takardun suka zo dubawa, suka ga lafiya. Har sun juya, sai ɗaya ya hango teburin. Ya ɗauki littafin nan na jaraba ya buɗe. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya fara waya. Kafin ka ce me, falon ya cika. Sun kwashe komai, har katakon, mutum huɗu suka sauko da shi."

Na zauna a bakin gado, na ga abin kamar a gabana. Rubutu da haruffan Larabci. Zanen kogi da gada da kibiyoyi, a garin da kogi ya ratsa tsakiyarsa. A saman shafin kuma Kawu ya saba rubuta kwanan wata da lambobin da kowa ke iya karantawa. Juma'a mai zuwa takwas ga watan takwas ce, ranar buɗe Olamfik, ranar da ƙasar nan gaba ɗaya ta shekara bakwai tana jira. Inna lillahi! Ko ni ne ɗan sandan, ai sai na yi waya.

"Hajiya, a nemo ɗalibi ya je ya fassara musu mana."

"Na kira huɗu. Biyu sun tafi hutu. Ɗaya ya ce ba ya karanta ajami, ɗaya da ya ji maganar gada ya kashe wayarsa. Alhazan da ke karanta ajami kuwa, Sinancinsu bai wuce gaisuwa da ciniki ba." Ta ƙara da cewa, "Da za su fita da shi ya ce in gaya maka kada ka kuskura ka zo. Na gaya maka. Amma maganin hawan jininsa yana nan a kan firji, kuma sun ce in ba a gane rubutun ba yau, gobe za a wuce da shi gaba. Ban san ina ne gaba ba, Nababa."

Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Ta isar da saƙo, ta kuma ɗora mini dutse a ka. Na ji haushin Kawu da ajaminsa da surutunsa, na ji haushin ranar da na fara taɓa sojan roba. Na yi ta zagaya ɗakin ina lissafi: saura kwana goma sha takwas a rufe wasannin, in na lafe zan iya tsira. Su ma ai ba mahaukata ba ne, za su gane kayan wasa ne. Na yi sallar azahar ban san me na karanta ba. Da na sallame sai na tuna shi a sunkuye yana laluben ɗan ludo a ƙarƙashin kujera. Na sa riga, na ɗauki fasfo na mayar, na sake ɗauka na sa a aljihu, na biya wajen Hajiya na karɓi maganin.

Ofishin 'yan sandan unguwar ba shi da nisa. A ƙofa na ce ni tafinta ne iyalin suka turo, kuma saboda yadda Sinanci ke fita a bakina ba wanda ya tambaye ni komai. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyin na'ura. Ga teburinmu an ɗora a kan tebura biyu, tuddai sun karkace, sojoji a zube cikin leda mai lamba. Ga Kawu a kujera, ba hula, ya tsufa da shekara goma tun Juma'a. Ga babban jami'in, mai gilashi da kofin shayi, ga kuma wani Basine Musulmi da na sani a kasuwa, mai yi wa Larabawa tafinta. Shi aka fara kirawowa, ya yi awa biyu yana fama da littafin.

Kawu ya ɗago ya gan ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wa ya ce ka zo? Sakarai kawai! Ka ajiye maganin ka ce ba ka iya karantawa, ka fita."

Jami'in ya tambaye ni me ya ce. Na ce yana godiya ne da aka kawo masa magani.

Tafintan ya yi mini bayani cikin ladabi. Ya ce haruffan duk ya san su, amma harshen ba Larabci ba ne, kamar ka ga fuskar ɗan'uwanka a jikin baƙo. Sai dai akwai kalmomin da ya tsinta, su ne suka tayar da hankali. Ya nuna mini da yatsa: harbi, wanda a kunnensa na mai jin Larabci yaƙi ne. Juma'a. Bayan la'asar. Da wata da ke ta dawowa a kowane shafi, mai kama da kalmar mutuwa a Larabci. Na ce masa ai mutuwar ce, bai yi kuskure ba, sai dai masu mutuwar ga su can a leda.

Na roƙi izini na zazzage su. Na miƙe tuddai, na gyara gada, na jera mutanen Kawu a tsallake, nawa a nan ɓangaren. Na buɗe littafin na karanta shafin takwas ga wata layi-layi, ina juyawa da Sinanci, duk abin da na karanta sai in nuna shi a tebur: ga kogin, ga kibiyar hagu, ga masu bindigar da za su ɓuya bayan soso. Na ciro tef na auna. Na ce mahaifin wannan dattijo ya yi yaƙi a Bama, kuma waɗanda ya yaƙa su ne waɗanda suka mamaye ƙasarku a lokacin. Jami'in ya ajiye kofinsa ya dubi Kawu, ya ɗauki soja ɗaya ya kai kusa da gilashi. Ya tambaya me ya sa ba su da ido. Na gaya masa. Tafintan ya gyaɗa kai ya ce haka ne, kakarsa ma ba ta barin hoto a ɗaki.

Sai na miƙa wa jami'in ɗan ludo, na ce ya harbi wancan na bakin gada. Ya karɓa ya jefa. Shida! Na kwantar da sojan na ce ya mutu. Wani ƙaramin ɗan sanda da ke bakin ƙofa ya tuntsire da dariya, shi ma babban ya kasa riƙe tasa. Ya ce jikansa na da irinsu, amma shi tauna su yake yi. Na ji iska ta shiga ƙirjina a karon farko tun hantsi. Na dubi ƙofa, taku shida ce tsakanina da ita.

"Saura wannan," in ji jami'in.

Ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga bangon littafin. Na gane ta nan take: umarnin Kawu ne na zagayen farko, ya riga ya rubuta ya ajiye wa Juma'a. A dokar wasanmu ba a buɗewa sai an zauna. Kawu ya yunƙura kamar zai tashi, ya ce, "Wannan ba komai a ciki." Jami'in ya warware ta ya ba tafintan tukuna, don ya bi ni da ido yayin da nake karantawa.

Ga abin da ke ciki, har yau na haddace shi: "Masu bindiga su ja da baya, kada a yi harbi. A bar Nababa ya haye gada. Tun da bizarsa ta mutu ba ya barci, ya rame. Ya ci ko sau ɗaya ne, ya yi dariya."

Na karanta a zuci sau biyu. Na ce da Sinanci, "Ya ce masu bindiga su ja da baya, a bar abokin wasa ya haye." Na tsaya a nan.

Tafintan bai yi don mugunta ba, na tabbata. Aikinsa yake yi, kuma shi ma a tsorace yake. Ya sa yatsa a layi na uku ya ce akwai saura. Ya ce ga sunan mutum, Nababa, ba sunan soja ba ne, don ya ji dattijon ya kira ni da shi a kasuwa. Ga kuma kalmar mutuwar nan a kusa da sunan. Dariyar ɗakin ta ɗauke. Jami'in ya cire gilashinsa ya ce, a hankali, duk sauran shafukan roba ce ke mutuwa, ya yarda. Amma nan ga sunan mutum mai rai, ga ranar buɗe wasanni, ga gada, ga mutuwa. Wane ne zai haye gada ya mutu ranar Juma'a?

Ka ga inda harshenmu ya kai ni. Mu komai mutuwa yake yi a bakinmu: agogo ya mutu, aure ya mutu, kasuwa ta mutu, takarda ta mutu. Ba wanda ya taɓa jin tsoron wannan kalma a Kwari. Amma a ɗakin nan, in ban faɗi abin da ya mutu ba, Kawu zai kwana a inda Hajiya ba ta sani ba, ni ma kuma ba fita zan yi ba. Na duba ko akwai ƙaryar da za ta shige, na ga tafintan ya riga ya fara haɗa haruffan da ke gaba: ba, za, ra. Minti ɗaya ya rage ya ji kalmar da kansa.

Kawu ya ce, "Ka ce tawa ce. Ka ce tsohuwar bizata nake nufi."

"Da sunana a jiki, Kawu?"

"To ka ce kaza ce ta mutu, ka ce komai! Nababa, don girman Allah."

Na juya ga jami'in na ce ba wanda zai mutu. Na ce a harshenmu in kwanakin takarda sun ƙare, cewa muke ta mutu. Nababa ni ne, abin da ya mutu kuma bizata ce, tun watan Yuni. Na fassara masa sauran har ƙarshe, har da ramar da rashin barcin, don kada ya ce na rage wani abu. Na ciro fasfo na ajiye a kan koren ƙyallen, kusa da gada.

Ya buɗe ya duba, ya ƙirga da yatsa. Ya daɗe yana kallon 'yar takardar da ba ya iya karantawa. Sannan ya ce dattijo zai iya tafiya da kayansa, a taya shi ɗauka, ya kuma ba shi haƙuri. Ni kuwa ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, wannan ba a hannunsa yake ba. Na ce na sani.

Kawu ya ƙi tashi. Sai da na ɓare maganin na sa masa a hannu, na ce Hajiya na jira. Yana kuka kamar ba shi ne ke share mini runduna yana dariya ba, yana ta cewa, "Ni na kashe ka da hannuna. Da na yi shiru da alƙalamin nan!" Na ce masa ya daina, ai ko ba komai na san da na ci ranar Juma'a. Na so ya yi dariya, bai yi ba.

Kwana ashirin da uku na yi a tsare. Olamfik ɗin da aka yi wannan duka dominsa, ƙarar talabijin ɗin masu gadi kawai na ji. Ranar da za a sa ni a jirgi aka miƙo mini jakata da Hajiya ta haɗa, a aljihun gefe na tarar da soja ɗaya mai hular malfa, an naɗe shi da 'yar takardar umarnin nan ta Kawu.

Na isa gida ana kiran la'asar, ranar wata Juma'a. Inna ta fito da gudu ba mayafi, tana guɗa, maƙwabta suka leƙo. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce na rame. Sannan ta dubi jakar, 'yar ƙarama, ta ce, "Ina takardar? Ciro in gani, in nuna wa mutane."

Na sa hannu a aljihun jakar, yatsuna suka taɓa sojan. Na ce, "Inna, mu shiga ciki ki zauna. Ba takarda."